Gudun Samad Bilyamin

A Hillat Sa'idu, 'yar hilla, wato ƙauyen Hausawa da ke gefen Abu Hujar a ƙasar Sudan, babban mutum ba ya gudu. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, liman bai taɓa faɗa a huɗuba ba, amma kowa ya sani. Yaro yana gudu, akuya tana gudu, direban raksha, keken nan mai ƙafa uku, yana gudu da rayukan bayin Allah. Mai gemu kuwa, in ka ga ya tattare jallabiya ya zuba a guje, to ɗayan uku ne: ko wuta ta kama, ko an yi rasuwa, ko tur'a ta fashe, wato babbar magudanar da ke kawo ruwan kogi cikin gonaki. Ba a tsayar da shi a yi masa tambaya. Shebur ake ɗauka a bi bayansa.

A duk masu gemun hillar kuwa, babu wanda gudu ya yi wa nisa kamar Bilyamin Gambo. Kakansa ya taso daga ƙasar Sakkwato da ƙafa zai tafi Makka, ya tsaya nan ya ɗan huta ya tsinci audugar kaka ɗaya, har yau jikokinsa hutun suke yi. Bilyamin ya gaji hawasha, wato gonar da ke shan ruwan tur'a, ya gaji faɗin kafaɗa, ya ƙara da tumbi na ƙashin kansa. In ya nufi gidan mutane, tumbin ne ke fara yin sallama. Shekara goma sha ɗaya yana samad, manomin da manoma suka zaɓa ya raba musu kwanakin ruwa, ya kuma tsaya musu gaban mufattish, jami'in duba gonaki, in ya zo daga ofis. Aiki ne da ba shi da komai sai girma da ciwon kai, amma Bilyamin yana son sa kamar ɗan da ya haifa. In ya ce yau ruwan wane ne, to na wane ne, ko da wanen ya zage shi jiya. Ko matarsa Ramatu, in ta so tsokanarsa, takan ce, "Samad, yau wa ke da ruwan shayi, ni ko kai?"

Yana da aboki ɗaya, Osman Abdulwahab, siriri, dogo, mai hawasha a can wutsiyar tur'a. Tare aka yi musu kaciya, tare suka kori tsuntsu daga dawa, tare suka yi iyo a tur'a suka kwaso tsargiya, tare aka yi musu duka a kai. Shekara arba'in da wani abu, kwanon ful ɗinsu na hantsi, wato dafaffen wake, ɗaya ne. Osman na kiransa Tulu, shi yana kiran Osman Sanda, kuma babu mahaluki na uku da ya isa ya kira su da waɗannan sunaye.

Shekara biyu kafin yaƙin nan, ana tsakiyar shuka, Bilyamin ya sunkuya zai buɗe wa gyaɗarsa ruwa, duniya ta juya masa. Bai farka ba sai a bayan boksi, motar a-kori-kura, kansa bisa cinyar Osman, an nufi asibitin Sinja.

Hakimar, wato likitar da ta duba shi, Ibtisam ce, 'yar Hausawan Sinja, yarinya sa'ar 'yarsa Raihana, Hausarta rabi Larabci, ko baffa ma ammu take cewa.

"Ammu, shayi kofi nawa kake sha a rana?"

"Mai suga ko marar suga?"

"Akwai wanda kake sha marar suga?"

"Babu."

Ta ce sukari ne da hawan jini, duka biyun sun yi masa sallama tare. Ta rubuta ƙwayoyi, ta hana shi abin da ya fi so a duniya, sannan ta ce jikin nan yana son motsi. Ya fara da tafiya da sauri sati uku. Daga nan ya ɗan sassarfa minti ɗaya, ya yi tafiya minti biyu, ya sake. Ya yi da sassafe kafin rana ta buɗe ido, a kan ƙasa mai laushi, da takalmi mai rufe ƙafa, ya sha ruwa kafin ya fita, ya sa dabino a aljihu ko jiri zai ɗebe shi. In ƙirji ya matse, ya tsaya, ya zo wurinta. In kuma ya kasa magana yana cikin gudun, ya yi sauri da yawa, ya rage.

Bilyamin ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "Ɗiyata, gudu kika ce?"

"Gudu, Ammu."

"Wa ya mutu?"

"Kai ne, in ba ka yi ba."

Ya dawo gida da wannan magana a cikinsa kamar tsakuwa. Sati guda bai gaya wa kowa ba. Ranar takwas, bayan sallar asuba, ya bi bakin tur'a kamar yadda samad ke yi kullum, ya wuce kurmin bagaruwa inda idon hilla ba ya kaiwa, ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya tattare jallabiya. Maganar sati uku na tafiya ya bar wa hakima kayanta, shi ba yaro ba ne. Ya zuba da gudu da markub ɗinsa, takalmin fata na gargajiya, irin gudun da ya yi na ƙarshe yana ɗan shekara goma sha huɗu da kare a bayansa. Bai kai ƙofar ruwa ta biyu ba ya zube, markub ɗaya a tur'a, numfashi kamar injin ban ruwa da ya sha iska. Kwana uku a zaune ya yi salla.

Ramatu na gasa masa cinya da ruwan zafi ta ce, "Abu Raihana, wanga ciwo dai ba na sukari ba ne."

"Jinnu ne."

"To ka gaya wa jinnun su maido markub ɗin."

Osman kuwa ba a ɓoye masa komai. Da ya ji labarin ya yi dariya har ful ya sarƙe shi. Da ya gama tari sai ya ce shi ma wata shida ke nan ƙeyarsa na sara, barci ba ya zuwa, an auna shi a Abu Hujar an ce jininsa ya hau, ko matarsa bai gaya wa ba.

"Mu yi tare, Tulu."

"In anka gan mu fa?"

"In anka gan mu, an gan mu tare. Wallahi. Abin da munka yi shekara arba'in muna yi ke nan."

Ranar kasuwa suka shiga Sinja suka sayo takalman kambas, nasa lamba arba'in da biyar, na Osman arba'in da ɗaya. Suka ce wa mai shagon na yara ne. Mai shagon ya dubi arba'in da biyar ɗin ya ce Allah ya raya yaron. Suka rataye su a rumfar hawashar Osman, can sama, kuma kullum sai sun kakkaɓe kafin su sa, don kunama ma tana son kambas.

Wannan karon suka bi maganar yarinya. Sati uku tafiya kawai, da sauri, hannu na lilo. Sannan, da yake babu mai son duban agogo, suka auna da ƙananan ƙofofin ruwa da ke jere a jikin tur'a: a sassarfa daga wannan zuwa ta gaba, a yi tafiya ƙofa biyu, a sake. Kwana ɗaya su fita, kwana ɗaya su huta. Batun magana cikin gudu kuwa, da suka rasa abin faɗa, sai suka mai da shi zagi. Wanda ya kasa kai zaginsa ƙarshe, ya yi sauri da yawa.

"Ɗaga ƙafa, Tulu, ƙasa ta kai ƙararka wurin mufattish!"

"Kai dai riƙe wandonka, Sanda, iska kaɗan ta taso sai Damazin za mu neme ka!"

"Tumbinka ya iso tun ɗazu, yana jiranka gaba!"

Tsuntsayen bakin ruwa sun ji abin da bai kamata tsuntsu ya ji ba.

Wata biyu, ƙofa ɗaya ta zama uku. Wata huɗu, suna yin bakwai a jere ba tsayawa. Bilyamin ya lura yana tashi daga sujada ba tare da ya dafa bango ya kira sunan kakansa ba. Zariyar wando ta yi tsawo, Ramatu ta yanke ta sau biyu. Barci ya dawo masa irin na yaro, ƙishin nan da ke bushe masa maƙogwaro ya tafi. Hakima Ibtisam ta duba takardarsa ta ce, "Ma sha Allah, Ammu," ta rage masa ƙwaya ɗaya. Fushinsa ma ya ragu. Manomi kan zo da masifa a kan ruwa, ya tarar da samad ya riga ya zubar da duk zaginsa a bakin tur'a, sai murmushi ya rage. Aikin ma ya fi kyau, don wanda ke bin tur'a da ƙafa har wutsiyarta yana ganin ramin ɓera tun bai zama ɓaraka ba. Osman kuwa ƙeyarsa ta saki, har matarsa ta fara ƙorafin minshari.

Bilyamin ya sha faɗa wa Ramatu cewa waɗannan watanni biyar su ne mafi daɗi a rayuwarsa tun bayan aurensu. Takan ce ta gode da ya sa auren a lissafi.

Sai ranar wata Laraba, dawa ta fitar da kai, irin albasa yana kan gado yana son ruwa kullum. Jakar Ruqaya mai nono ta tsinke igiya ta shiga kurmin bagaruwa, Ruqaya ta bi ta. Tana ɗaga kai sai ta hango samad a bakin tur'a, jallabiya a ɗaure a ƙugu, yana gudu. Osman bai shiga idonta ba, ya tsaya baya yana ɗaure igiyar takalmi. Ba ta yi wani laifi ba, abin da uwarta za ta yi ta yi. Ta manta da jaka, ta ɗora hannu a ka, ta juya hilla tana kururuwa.

"Tur'a! Tur'a! Jama'a, samad na gudu!"

Cikin ɗan lokaci hilla ta zube waje. Maza da shebur da buhuna, mata da kwanduna, liman da tabarmar masallaci, don ita hannunsa ya fara kaiwa. Gafir Abdussalami, mai gadin babbar ƙofar ruwa, ya rufe ta, ya buga waya bakin kogi a kashe famfo.

Bilyamin yana cikin gudunsa ya ji hayaniya a baya, ya ji ana cewa tur'a ta fashe. Shi ne samad. Me zai yi? Ya ƙara wuta, yana neman inda ta fashe. Jama'a suka ga ya ƙara wuta, su ma suka ƙara. Haka ya ja Hillat Sa'idu kaf a bayansa har wutsiyar tur'a, inda ruwa ke ƙarewa a cikin ciyawa. Ya tsaya. Suka iso ɗaya bayan ɗaya, wasu da rarrafe.

"Samad, ina ta fashe?"

"Ni ma ita nake nema. Wa ya ce ta fashe?"

Aka dubi juna. Idanu suka sauka a kan kambas ɗinsa.

A nan ne ya hango Osman. Yana tsakiyar jama'a, da markub a ƙafarsa, da shebur a kafaɗa, jallabiya a sake har ƙasa. Rumfarsa na kan hanya, ashe ya faɗa cikin dawa ya sauya. Shi kaɗai ne a taron ba ya haki, don haka yake buɗe baki yana hakin ƙarya. Idonsu ya haɗu. Osman ya ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ina ta fashe, Samad?"

Bilyamin ya kusa yin dariya. Ya ɗauka wasa ne irin nasu.

Famfon da aka kashe bai tashi ba sai bayan kwana uku, don makanikin yana Sinja wurin biki. Masu ruwan Laraba da Alhamis da Juma'a suka rasa kwanansu. Irin albasar mutum biyar ya kwanta, har da na tsoho Sa'id, wanda ba shi da wani abin dogaro a shekarar sai shi. Don haka ranar Asabar bayan la'asar aka taru a rumfar masallaci gaban Shaihu Tahir, mai hilla.

Bilyamin ya tashi ya faɗi gaskiya tun daga farko: sukari, hakima, dabino, ƙofofi. Ya ce ya yi kuskure da ya ɓoye, ya ba tsoho Sa'id haƙuri, ya ce zai raba irin albasarsa biyu ya ba shi rabi. Wasu suka fara gyaɗa kai. Wani daga baya ya ce, "Hakima ta ce dattijo shi yi gudu ba a kore shi ba? Wanga magana, ya jama'a!" Aka yi dariya.

"Ba ni kaɗai ba ne," in ji Bilyamin. "Ga Osman nan. Wata biyar muna yi tare. Ku tambaye shi ƙeyarsa."

Duk rumfar ta juya. Osman ya daɗe yana kallon carbinsa. Da ya ɗago, fuskarsa cike take da tausayi, irin wanda ake shiga gidan rasuwa da shi.

"Ni? Da furfurata?" Ya girgiza kai a hankali. "Ya Shaihu, ban so in yi magana ba, ɗan'uwana ne. Amma tun da sukarin ga ya taɓa shi, ba daidai yake ba. Na daɗe da lura. Kullum da asuba sai shi fita shi yi ta gudu, yana zage-zage shi kaɗai. Ni ina bin shi ne daga nesa, kar shi faɗa ruwa. Ban gaya wa kowa ba don in rufa mishi asiri."

"La ilaha illallah," in ji liman.

"Sanda," in ji Bilyamin. Muryarsa ta fito ƙarama. "Sanda, takalminka na rataye a rumfa."

"Kun ji ko?" Osman ya ce, a tausashe. "Ma'alesh, yi haƙuri, Abu Raihana. Allah shi ba ka lafiya."

Da zagi aka yi masa, da ya san abin yi, ya fi kowa baki a rumfar. Amma babu wanda ya zage shi. Tsoho Sa'id ya ce ya yafe albasar, mara lafiya ba ya laifi. Wani ya ba da sunan malami a Damazin. Shaihu Tahir ya ce Abu Raihana ya yi wa hilla hidima shekara goma sha ɗaya, ya kamata a bar shi ya huta har Allah ya kawo sauƙi. Wa zai riƙe ruwan kafin nan? Wa kuwa ya fi wanda ya yi wata biyar yana tsaron abokinsa a ɓoye, bai nemi godiyar kowa ba? Osman ya ƙi sau biyu, kamar yadda ake yi. A na uku ya karɓa.

Daga rumfar Bilyamin bai biya gida ba, ya wuce hawashar Osman. Kambas ɗaya ne a rataye, arba'in da biyar. Bayan sati guda gafir Abdussalami ya zo gida da wani takalmi jiƙaƙƙe da ya maƙale a ƙarfen ƙofar ruwa, ya miƙa masa da ladabi, ya ce ga nasa ya tsinta. Bilyamin ya juya shi. Arba'in da ɗaya. Ko babban yatsansa ba zai zauna ciki da daɗi ba. Ya buɗe baki, ya ga yadda Abdussalami ke kallonsa, a shirye ya ce na'am ga duk abin da zai faɗa, sai ya rufe. Ya ce ya gode. Ya jefa takalmin ƙarƙashin gado.

Kwana ashirin bai fita ba sai masallaci. Ful ɗin hantsi shi kaɗai, rabin kwano ya koma. Abin da ke cin sa ba samad ɗin ba ne kawai. Watanni biyar ɗin ne. Yakan zauna yana tuna su ɗaya ɗaya, dariyar, hakin, ranar da suka fara yin ƙofa bakwai suka rungume juna kamar 'yan ƙwallo, sai ya ji muryar nan tana cewa daga nesa nake bin shi. Mutumin ya ɗauke masa aiki, sannan ya koma baya ya kwashe safiyoyin ma. Ƙishi ya dawo. Ya fara dafa bango.

Ranar ashirin da ɗaya Ramatu ta ajiye masa wani abu a kan gado. Arragi ne, 'yar rigar aikin gona, amma rawaya, rawayar da in ka kalle ta sai ka yi atishawa.

"Mi ne ne wannan?"

"Rigar gudu. Na bi gida gida na gaya wa mata. In sun ga rawaya, babu wuta, babu gawa, babu tur'a, mijina ne ke shan magani. Ruqaya ta ce ko daga Abu Hujar za ta gane ta."

"Ramatu, cewa za su yi na haukace."

"Sun riga sun ce, Abu Raihana. Halas, an gama. Sai ka zaɓa, mahaukaci mai lafiya ko mai hankali a maƙabarta. Ni dai ban shirya takaba ba, baƙar rana ce kuma ga zafi."

Washegari ya fito daga sallar asuba, ya cire jallabiya a ƙofar masallaci, ya naɗe ta ya ba ladan ajiya, ya tsaya rawaya shar a gaban jama'a. Ya ɗaure kambas. Bai manta da darasin markub ba, kwana ashirin sun ci ƙarfinsa, don haka da tafiya ya fara. Ya ratsa tsakiyar hilla, ya wuce mai shayi, ya wuce injin niƙa, sannan ya sassarfa. Babu wanda ya ɗauki shebur. "Allah shi ƙara sauƙi," suke cewa. Yana ɗaga musu hannu.

Har yau haka ake yi. Da aka ga wata ya bi wata mahaukacin sai ƙara kyau yake, masu hankali kuwa suna ta zarya Sinja, sai aka fara zuwa wurinsa ɗaya ɗaya, kowa da hujjar aron lauje. In an gama maganar lauje sai a rage murya, a ce wani ɗan'uwa ne yake tambaya, wai yaya ake fara abin nan? Bilyamin kan ce a gaya wa ɗan'uwan ya fara zuwa a auna shi. Ya yi tafiya sati uku, kar ya ce shi ba yaro ba ne. Ƙofa ɗaya gudu, biyu tafiya. Ya kakkaɓe takalmi, ya duba tafin ƙafarsa kullum in yana da sukari, kar ya ƙara nisa don jiya ta yi daɗi, gwiwa ba ta mantuwa. In ya gaji da gaske ya huta, ba a biyan bashin gudu. Sannan ya ce, "Kuma kar shi ɓuya. Shi fito ta gaban masallaci. Ramatu na da sauran yadi." A nan ɗan'uwan yakan fasa. Laujen ma ba ya dawowa.

Wata bakwai bayan taron, wata safiya, ya wuce kurmin bagaruwa sai ya ga mutum zaune a kan ƙofar ruwa ta huɗu. Osman ne. Wuyansa ya yi kauri, idanunsa sun yi ja, yana riƙe da ƙeya. Tun ranar rumfa gaisuwar masallaci kawai ke haɗa su.

"Tulu."

Bilyamin ya tsaya, yana ɗan taka ƙafa a wuri ɗaya kar jiki ya huce. "Samad. An tashi lafiya?"

Osman ya runtse ido kamar an watsa masa ƙasa. "Kar ka kira ni haka, don Allah. Kai ba ka san yadda abin yake ba. Na ga hilla duka ta taho, ƙafata ce ta kai ni cikin dawa, ban yi shawara da ita ba. Da na ɗauki shebur ɗin kuma, ban san ta inda zan aje shi ba."

"Rumfar masallaci fa? Kwana uku ka samu kana shawara da ƙafar."

Osman ya murza ƙeya. Ya ce ƙeyar ta dawo, ta fi da. Ya gwada fita shi kaɗai can bayan gonakin rake, amma ya kasa, babu wanda zai zaga, ga tsoron a gan shi, shi da ya ce hauka ne a gaban Shaihu. "Mu koma yadda muke, Tulu. Nan bayan bagaruwa. Babu mai sani."

Bilyamin ya dube shi. Ya so ya ƙi, ya so ya faɗi duk maganganun da ya yi wata bakwai yana wasawa. Amma fuskar da aka yi musu kaciya tare ce, kuma tana ciwo. Ya ji zuciyarsa ta yi laushi, ya ji haushin laushin.

"Ba na son samad ɗin, riƙe abinka. Ba sai ka tashi ka yi jawabi ba. Gobe bayan asuba ka tsaya kusa da ni a ƙofar masallaci, mu taho tare ta tsakiyar hilla. Ko tafiya ce. Shi ke nan. Wanda ke da ido zai gane."

Osman ya miƙe daga kan ƙofar. "Gobe," ya ce. "Wallahi."

Ramatu ta ɗinka rigar a ranar, doguwa, siririya, tana ɗinki tana tsaki. Bilyamin ya zaro arba'in da ɗaya daga ƙarƙashin gado ya kakkaɓe, ko da yake ƙafa ɗaya ce, ya aika Raihana ta aro ɗaya ƙafar wurin maƙwabta. Ya sa dabino biyu a aljihu.

Aka sallame asuba. Ya ba ladan jallabiya, ya tsaya a ƙofa da rawayarsa, ɗaya rawayar a naɗe a hammata. Mutane na fitowa suna neman takalmansu. Ya ɗaure igiya, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Osman ya fito tare da Shaihu Tahir da wasu manoma biyu da ke yi masa maganar ruwan Lahadi. Ya ga Bilyamin. Ya ga abin da ke hammatarsa. Ya ɗan rage tafiya, har ƙafarsa ɗaya ta karkato.

Shaihu Tahir ya ce, "Samad, kana ji?"

Osman ya gyara rawani. Ya ɗaga hannu daga inda yake, da fuskar nan tasa ta gidan rasuwa.

"Allah shi ƙara sauƙi, Abu Raihana."

"Amin," in ji jama'a.

Bilyamin ya miƙa wa ladan rigar ta biyu ya ce ya goge fitilun masallaci da ita. Ya ratsa hilla, ya wuce mai shayi, ya wuce injin niƙa, ya hau bakin tur'a. A ƙofa ta uku ya ji ƙirjinsa ya cika, bai sani ba ko sauri ya yi da yawa ko wani abu ne daban. Hanyar ganewa ɗaya ce, wadda hakima ta koya masa. Ya buɗe baki.

"Riƙe wandonka, Sanda," ya ce wa ciyawa da ruwa, "iska kaɗan ta taso..."

Bai kai ƙarshe ba. Ya rage gudu, ya yi tafiya ƙofa biyu, ya cinye dabinon duka biyun, ya sake ɗaga ƙafa.